KAFIN KA SAYI INJIN ZARTO, KARANTA JIKINSA

Wannan jawabi ne da wani dattijon kafinta ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci masu koyon sana'a.



Da yawa daga cikinku kuna aikin katako a gida. Kuna yin ƙofa da benci da gado da akurkin kaji. Wasunku a Argungu suna gyaran kwalekwalen masunta. Idan an sayar da shinkafar kaka, wani zai ce bari ya sayi injin zarto mai tebur ya huta da jan zarton hannu. Shawara ce mai kyau. Amma kuɗin gumi ne, kada a zubar da shi.

Ni na taɓa yin asara. Na sayi inji ɗan Kwatano saboda arha. Ina jona shi da wuta sai hayaƙi ya tashi. Ashe an yi shi ne don wutar Amurka. A lokacin ban iya karatu ba. Ku kuwa kun iya, sai ku duba abubuwa biyar.

Na ɗaya, wuta. A jikin kowane inji akwai ɗan allo mai rubutu. Idan ka ga 220V ko 230V, ya dace da wutarmu ta Nijeriya. Idan ka ga 110V ko 120V, bar shi a nan.

Na biyu, ƙarfi. Nemi lamba mai harafin W. Ƙananan injina sukan kama daga 1,500W zuwa 1,800W. Wannan ya isa aikin gida. Amma lokacin tashi, inji yana jan wuta fiye da haka sosai. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba. Nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin, ko ya fi.

Na uku, faifan zarto. Faifai mai faɗin inci 10 yana yanka katako mai kaurin kusan inci 3. Mai haƙora 24 na tsaga katako ne a tsawonsa. Mai haƙora 60 na yankan gicciye ne da filawud. Idan kuɗinka na faifai ɗaya ne, sayi mai haƙora 40, yana yin duka biyun. Icen ƙirya da maɗaci suna da tauri, suna dakushe faifai da wuri. Tambayi mai kaya ko ana samun irin faifan a Birnin Kebbi. Kada ƙaramin abu ya sa ka tafiya Sakkwato.

Na huɗu, tebur da ƙarfen jagora, wato wanda katako ke bi a gefe. Girgiza shi da hannu. Idan yana motsi, yankanka ba zai miƙe ba, katako zai lalace. Akwai kuma injin da masu walda ke haɗawa a gida, mai bel. Yana da nauyi, amma yana jure aiki, kuma masu naɗin waya suna iya gyara shi. Sai dai yawanci ba shi da murfi. Sa a yi maka kafin ka biya.

Na biyar shi ne babba, wato lafiyarka. Faifan nan yana juyawa wajen sau 4,000 a minti ɗaya. A Amurka, inda ake lissafa abin, mutum fiye da 30,000 ne ke zuwa asibiti duk shekara saboda irin wannan inji. Don haka kada ka sayi wanda ba shi da murfin faifai, da siririn ƙarfen da ke tsaye a bayan faifai. Ƙarfen nan shi ke hana katako matse faifai ya dawo maka da ƙarfi a ciki. Tura katako da sanda, ban da hannu. Tuɓe babbar riga, naɗe hannun taguwa. Cire waya daga wuta kafin ka canza faifai. Kori yara daga wurin.

A watan Maris da Afrilu zafin nan yakan wuce digiri 40. Ka riƙa ba inji hutu. Da hunturu kuma ka kakkaɓe masa ƙura, ka rufe shi.

Idan kuɗinka bai kai na mai kyau ba, kada ka yi gaggawa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi adashi ku sayi ɗaya. Ko ka kai katakonka wurin masu inji a kasuwa su tsaga maka, ka biya lada. Hausawa sun ce arha ba ta ado. Inji idan ya ƙone ana sayen wani, amma yatsa ba a sayar da shi a kasuwa.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya kare mu daga tsautsayi.