Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Tsara Aikin Masana'anta



An nemi in yi bayani a kan yadda kwamfuta ke tsara aikin masana'anta. Daga ranar alkawari take fara lissafi, ta dawo baya. A ce ɗan kasuwa ya ba da odar katan 5,000 na sabulu, a kawo ƙarshen wata. Na'urar za ta duba abin da ke sito, ta fitar da yawan manja da soda da kwalin da ake bukata, ta sa ranar sayen kowanne, ta kuma ware injin da zai yi aikin.

Wannan dabara ta faro a Amurka a shekarun 1960, kuma Joseph Orlicky na kamfanin IBM ya wallafa littafi a kanta a 1975. Tsarin farko yana da rauni guda: ɗauka yake inji ba ya cika, komai aka ɗora masa zai yi. Daga baya aka fito da tsarin da ke auna ƙarfin kowane inji awa-awa.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai dole ya faɗa wa na'ura gaskiya: awa nawa ake samun wuta, kwana nawa kaya ke yi a tashar Apapa. In ya ɓoye, jadawali zai yi kyau a takarda, alkawari ya karye, mai oda ya koma wani wuri, ma'aikata su zauna gida.

Ina roƙon waɗanda ke riƙe da littafin sito a cikinmu su rubuta abin da idonsu ya gani.

Allah ya yi mana jagora.