Makarantar Unguwa: Da Wane Mudu Za Mu Auna Ta?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya

 



An ɗora mana nauyin amsa wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan garinmu mazauna birane, musamman Kano: a cikin makarantun gwamnati da ke kusa da gida, firamare da ƙaramar sakandare, wacce ta fi, kuma ta ina ake ganewa? Tambayar ta ƙara nauyi tun 2023, da aka janye tallafin man fetur, rayuwa ta yi tsada, kuɗin makarantu masu zaman kansu ya gagari magidanta da yawa. Wanda ya daɗe bai leƙa makarantar unguwarsa ba, yau ita ce gatan 'ya'yansa.

Mu da muka fito kwalejin horon malamai da takardar malanta mai daraja ta biyu, mun ga shirin UPE na 1976, lokacin da yara suka kwararo firamare fiye da ajujuwa da malaman da aka tanada. Mun kuma ga shirin UBE da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya zama doka a 2004. Dokar ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Tarayya, amma mafi yawan kason jiha ba ya fita sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. A takarda ke nan duk makarantu ɗaya ne. A ƙasa kuwa, makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya sukan bambanta kamar ba hukuma ɗaya ke rainonsu ba.

Abin da ya fi ruɗin iyaye shi ne fenti da katanga. Gini yana da amfaninsa, kuma lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano a 2024, shi da kansa ya koka da yaran da ke zaune a ƙasa babu kujeru. To amma sabon rufi ba ya koya wa yaro baƙi da wasali.

Mu dai shawararmu, a fara da ƙidaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A shiga aji a ƙirga kawuna, kada a tsaya ga rajista. Unguwannin gefen birni irin su Rijiyar Zaki da Dorayi da Kurna sun cika da jama'a cikin ɗan lokaci, gidaje sun riga makarantu zuwa; tsofaffin unguwannin cikin ganuwa kuwa matsalarsu rashin fili ne, ba inda za a ƙara aji. Ko'ina dai sakamakon ɗaya ne: malamin da ke gaban yara ɗari ba koyarwa yake ba, kiwo yake.

Bayan ƙidaya, sai littafin aikin yaro. Wannan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. A karɓi littafin ɗan aji huɗu, a duba ranar da jan biro ya taɓa shi na ƙarshe. Sa'annan a rubuta masa jimla biyu da Hausa, waɗanda bai taɓa gani ba, a ce ya karanta. Yaranmu gwanaye ne wajen hadda, allo ya koya musu. Sukan rera darasi baki ɗaya har mutum ya ɗauka sun iya, alhali in aka rufe hoton da ke shafin, sai shiru. Makarantar da 'yan aji huɗunta ke karanta sabon rubutu ta fi wadda ke da bene. Kada kuma takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa yanzu, ta sa mu saki jiki. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, gwamnati ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanke ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da ita, amma ta nuna takarda daban, iya aiki daban.

Sai hedimasta. A je da ƙarfe takwas na safe ranar Litinin, ba tare da sanarwa ba. In an same shi a bakin ƙofa, to malamai ma suna aji.

Inda muke so mu ja hankali sosai shi ne tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, domin nan ne muke asarar yara, musamman mata. Firamare tana bayan gida, yaro ya tafi da ƙafa. Ƙaramar sakandare kuwa ba ta kai firamare yawa ba, ɗaya ce ke kwashe yaran firamare da dama, sau da yawa sai an hau a-daidaita-sahu ko an tsallaka babban titi. Uba ya lissafa kuɗin mota kullum, sai ya ce yarinya ta ɗan dakata. Dakatawar nan ita ce tallar, ita ce ƙarshen karatun. Saboda haka duk mai zaɓen firamare, ya tambaya tun ranar farko: ina yaranku ke wucewa, kuma da wane nisa?

Mudun auna ƙaramar sakandare ya ɗan bambanta. A firamare malami ɗaya ke riƙe da aji. A can kowane darasi da malaminsa, don haka makaranta na iya cika da malamai amma babu na lissafi ko na kimiyya, zango ya wuce ba a buɗe littafin ba. A nemi jadawalin darussa, a tambayi sunan mai kowane fanni. A duba ko karatun safe ne ko na rana, don kada ya ci karo da Islamiyya. A leƙa makewayi da wurin ruwa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta wuni inda babu sutura ba, kuma ba za ta faɗa wa mahaifinta dalili ba. A ƙarshe a nemi sakamakon jarrabawar BECE na shekara uku a jere, ba na shekara ɗaya ba.

Roƙonmu ga rassa shi ne, kowane reshe ya zaɓi mutum uku, da mace a cikinsu, su zaga makarantun unguwannin da mutanenmu suka fi yawa da waɗannan tambayoyi, su kawo rahoto a rubuce kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu. Kwamitin SBMC na kowace makaranta yana da gurbin iyaye da mutanen unguwa. A sa sunayen 'yan garinmu a ciki. Tsofaffin malaman da ke cikinmu a shirye muke mu tsara takardar tambayoyin, sakatare ya raba.