Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da iyaye a Ƙofar Guga, Katsina, lokacin dogon hutu



An umurce mu da mu yi magana a kan hanyar da yaron sakandare zai bi ya sami shiga ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar nan, watau irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Ibadan. Tun da farko za mu faɗi abin da muka gani da idonmu: yawancin ƙannenmu da ake bari a baya kowace shekara ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, jagora suka rasa.

Neman ilmi ba baƙon abu ba ne a garin Ɗan Marna da Ɗan Masani. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A wancan zamani daga lardunan Arewa ake turo zaɓaɓɓun yara Katsina. Yau kuwa mu ne ke kai kanmu wasu garuruwa, kuma ba wanda zai zo ya zaɓo mu, sai mu yi takara da ɗalibai fiye da miliyan ɗaya.

Tun 1978 hukumar JAMB ke kula da shiga jami'a. A jami'o'in gwamnatin tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Ɗan Katsina da ya nemi Zariya ko Kano yana da damar shiga ta dukan ƙofofin nan uku, domin jiharmu tana cikin yankin jami'o'in biyu, tana kuma cikin jerin jihohin da aka yi wa rangwame. In ya nemi Ibadan, ƙofar yanki a rufe take gare shi. Wannan kaɗai ya isa a zauna a yi shawara kafin a cike fom.

Amma kada rangwamen nan ya ruɗe mu. Mun sha jin yaro yana cewa, "Ai mu 'yan Arewa ne, ko nawa muka ci za a ɗauke mu." Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Kashi 20 ɗin nan ba na Katsina kaɗai ba ne, jihohi fiye da ashirin ke rabonsa, kuma a cikinsu ma wanda ya fi maki shi ake fara ɗauka. Makin jarrabawar duka 400 ne, kuma a 2025 masu jarrabawa fiye da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Mai neman likitanci ko lauyanci kuwa, 200 ba ta kai shi ko bakin ƙofa, saboda hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i sun ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka.

To, daga ina gyaran zai fara? Ba daga aji shida ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare aka ce ya zaɓi ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, daga ranar ya buɗe wa kansa wasu ƙofofi ya rufe wasu. Sau da yawa abokinsa ya bi, ko kuma an cusa shi inda ake da sauran kujera. Mai son likitanci dole ya rubuta Fizis da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar JAMB, ban da Turanci da ke kan kowa. Mai son injiniyanci, Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son lauyanci ba makawa sai da Adabin Turanci. Yaro yana iya cin maki mai ban sha'awa, amma in ya haɗa darussan da ba su dace da fannin da ya nema ba, na'ura ce za ta fitar da sunansa tun kafin idon mutum ya gan shi. Bugu da ƙari ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi ga masu kimiyya, a zama ɗaya ko biyu. A fannonin da ake rububinsu akwai jami'o'in da ba su karɓar sai na zama ɗaya.

Bari mu ɗan tsaya a kan Turanci. Mu masu kishin harshenmu ne, shi ya sa da Hausa muke wannan jawabi, amma gaskiya ɗaya ce. A cikin tambayoyi 180 da ake amsawa cikin sa'o'i biyu, 60 na Turanci ne, sauran 120 ɗin ma yawanci da Turanci ake rubuto su. Yaron da ya san Kemistiri amma yake karanta tambaya sau uku kafin ya gane inda ta dosa, lokaci zai ƙare ya bar shi da amsoshi a kai. Maganin wannan ba hadda ba ce, karatu ne na yau da kullum, ko tsohuwar jarida ce, ko littafin labari, shafi biyu ko uku da babbar murya a gaban wanda zai gyara masa. Haka nan tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya, alhali kuwa a unguwannin nan namu akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko da taɓa ta. Wanda ke da kwamfuta a cikinmu, in ya zo hutu, ya zaunar da su a zaure su saba da ita.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu karya babban shiri. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN. In sunan yaro Muhammad ne a takardar NIN, a ta WAEC kuma Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, to ya sayi wahala. A duba wannan tun yana aji biyar. Kada uba ya miƙa kuɗi a aika yaro shi kaɗai wurin rajista, wani can da bai san shi ba ya zaɓa masa jami'a da fanni. Manyan jami'o'i yawanci ba su kallon wanda ya sa su a zaɓi na biyu. Bayan an fito da sakamako sai a ɗora shi a shafin JAMB da ake kira CAPS, a riƙa leƙawa, domin in an ba yaro gurbi bai karɓa cikin lokaci ba, wani za a ba. Game da makarantun da ake biya a sata wa yaro amsa kuwa, ba za mu tsawaita ba. Mun ga masu kiredit tara irin wannan sun shigo tare da mu, ba su kai aji biyu ba.

Wanda bai samu ba a karon farko kada ya ce an rufe masa. Akwai karatun IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke kai mutum aji biyu kai tsaye, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, akwai hanyar NCE da ta difloma. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa daga firamaren Rafukka ya tashi, ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi daga 1965 zuwa 1969, ya yi karatun gaba da sakandare a Barewa, sa'an nan ya shiga Zariya a 1972. Kuma jami'ar da ke ɗauke da sunansa a nan gida, da ta tarayya a Dutsin-Ma, ba abin rainawa ba ne ga wanda ya sami fannin da yake so a cikinsu. Gara karanta abin da mutum ke so a gida da karɓar abin da aka jefa masa a nesa don sunan makaranta.

Iyayenmu, muna roƙonku alfarma ɗaya. Duk abin da muka faɗa ya shafi 'ya'yanku mata kamar yadda ya shafi maza. Asibitocinmu na bukatar likitoci mata, kuma ba za mu same su ba in yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji ita ce ke rasa sa'a ɗaya ta karatu da yamma.

Mu kuma da Allah Ya sa muka riga muka shiga, Hausawa na cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Gurabe suna nan, rangwame yana nan, abin da ya rage shi ne mai kai labari gida, kuma mu ne. Saboda haka mun yi shawara kowannenmu ya ɗauki yara biyu a layinsu, ɗaya ɗan aji uku, ɗaya ɗan aji biyar, ya duba musu darussansu da takardunsu kafin mu koma makaranta. Masu son a rubuta sunayensu su tsaya bayan an tashi.