Motar da Za Ta Kai Mu Gida: Ƙarin Sifirin da Ƙera Bamba

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon bakanike, ya gabatar a taron shekara)



An umarce ni da in ce wani abu game da shawarar da ke gabanmu, ta sayen motar da za ta riƙa ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga ƙauyukan Fulatan zuwa asibiti a Rogo ko Ƙaraye, ko Kano in ta kama. Na ji wasu na cewa da zarar an sayo ta, sai a kai ta gareji a ƙara mata sifirin, a ɗaga ta, a ƙera mata bamba. Ban ƙi ba, amma ina so mu san abin da wannan aiki yake iya yi, da wanda ba ya iyawa.

Duk wanda ya je gida a watan Agusta ya san inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai laka, da zaizaya, da ramin da ruwa ya rufe. Tun zamanin akori-kurar Peugeot, wadda kamfaninta ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, direbobinmu suka saba da ƙara wa sifirin falle ɗaya ko biyu don kada bayan mota ya zauna. Dabarar tana aiki, sai dai tana da iyaka.

Sifirin yana riƙe nauyi ne, shoka kuma tana hana mota tsalle bayan ta faɗa rami. In aka ƙara falle, motar za ta tsaya cak ko da an danƙara mata kaya, sai mai ita ya ɗauka ta ƙara ƙarfi. Alhali birki yana nan yadda yake, haka aksil, haka taya, haka shasi. Akori-kura irin Hilux an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Kowace taya ma tana ɗauke da lambar nauyinta a gefe. Lamba 100, alal misali, tana nufin kilo 800.

Na ga wannan da idona lokacin ina gareji. Wani ya kawo mini motarsa da aka jera wa falle har ta zama kamar amalanke. Tun da sifirin ya daina lanƙwasa, duk dukan hanya sai ya riƙa sauka a kan shasi, har ya tsage a bayan kan motar. Garin gyaran gira ya rasa ido. To, ku ƙaddara mace mai naƙuda ce kwance a bayan irin wannan mota, a hanyar da ba kwalta. Motar asibiti ba nauyi take ɗauka ba, rai take ɗauka, saboda haka sifirin mai taushi da shoka mai kyau sun fi mata amfani.

Sai batun ɗagawa. Jama'a da dama ba su san cewa ɗaga mota da sifirin ba ya ɗaga tukunyar aksil ɗin baya, wadda ita ce ke fara kama ƙasa a cikin laka. Girman taya ne kawai ke ɗaga ta. Sannan duk yadda mota ta ƙara tsawo, haka take ƙara saurin kifewa a kwana. Shawarata kada a wuce inci 2. In an ɗaga, a sa shoka mai tsawon da ya dace, a duba tiyon birki kada ya ɗame, a sa sababbin ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, a kuma sake daidaita ƙafafun gaba. Fallen da ya karye kuwa, kada a yarda a yi masa walda, domin wuta tana kashe ƙarfinsa. A je Ƙofar Ruwa a sayo wani.

Yanzu bari in zo kan bamba. Wannan ƙarfen gaba ya yi suna ne a ƙasar Ostireliya, inda motoci ke karo da dabbobin daji a hanyoyin da ba kowa. Mu ma yana da amfani a wurinmu: yana kare lagireto da fitilu daga kututture da gefen rami, yana kuma ba da wurin ɗaura igiya in mota ta maƙale. Amma hanyarmu ba ta daji ba ce. Ta cikin gari take bi, inda yara ke gudu, masu babur ke goyo, mata ke dawowa daga kasuwa. An ƙera gaban motar zamani ne ya lotse don ya shanye ƙarfin karo. Ƙarfe mai kauri ba ya lotsewa, jikin wanda aka buge ne ke shanyewa. A kan haka Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 ta ƙayyade irin wanda za a sa, Indiya kuma ta haramta shi a 2017.

Idan za a ƙera, ga abin da za mu gaya wa mai walda. Kada ya yi shi da tsini ko kusurwa mai kaifi, kuma kada ya wuce faɗin motar. Ya ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, ba ya liƙa shi da wuta ba. Ya bar wa lagireto hanyar iska, kada ya rufe fitila ko lamba. A auna nauyinsa kafin a ɗaura, domin duk kilon da aka ƙara a gaba, a kan sifirin gaba da birki yake. In motar tana da jakar iska, a nemi wanda ya san na'urarta tukuna, don bamban da bai dace ba yana iya sa ta buɗe ba a kan lokaci ba.

A ƙarshe ina roƙon kwamiti abu uku. A fara kashe kuɗi a kan taya, birki da shoka, bamba ya zo daga baya. A rubuta doka cewa ba za a yi lodin hatsi da wannan mota ranar kasuwa ba, ko wane ne ya roƙa. Sannan 'yan'uwa da ke da bakin magana a Kano, Kaduna da Abuja su ci gaba da bibiyar maganar hanyoyinmu da kwalbatocinmu, domin babu sifirin da zai maye gurbin hanya mai kyau.

Allah ya kai mu gida lafiya.