Jawabi A Kan Hadarin Farkon Damina Da Abin Da Ya Kan Biyo Bayansa

Malamai, 'yan'uwana ma'aikata, an umurce ni in yi 'yar magana a kan hadarin da ya kan auka wa mutane ba shiri.

Kun sani hadarin ƙasarmu daga gabas ya ke tasowa, mafi ɓarna kuwa shi ne na farkon damina, sa'ad da ƙasa ta sha zafin bazara. Iska ke gaba da jar ƙura, ruwa na biye. Wanda ya riska a hanya kada ya fake gindin doguwar itaciya, saboda tsawa, kada kuwa ya raɓi katangar da ta tsage. A watan Yuni na 2018, cikin kwanakin Ƙaramar Salla, irin wannan iska ta faɗa wa garin Bauchi, ta kware rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, har aka yi hasarar rayuka.

To, iska ta kan lafa kafin gari ya waye, amma shari'arta ta kan kai kaka. Wannan ya zo ya ce katangar maƙwabcinsa ta danne masa awaki, wancan ya ce hatsin da ya ba da ajiya ya jiƙe a rumbun wani. Kowa ransa a ɓace, kowa na neman wanda zai ɗora wa abin da iska ta yi.

Littattafan Malikiyya ba su bar mu cikin duhu ba. Mai katanga ba ya biya, sai fa in ta riga ta karkata, aka gargaɗe shi, ya sami halin gyarawa, ya ƙi. Mai riƙon ajiya shi ma ba ya biya in bai yi sakaci ba. Akwai kuma abin da malamai ke kira ja'iha, wanda talakawa da yawa ba su san hakkinsu ba ne. Watau in mutum ya sayi mangwaro yana bisa itace, iska ko ƙanƙara ta lalatar da sulusinsa ko fiye, sai a rage masa kuɗi gwargwadon hasarar. In bai kai sulusi ba, mai saye ya ɗauka.

Amma fa duk wannan sai da shaida, ita ce kuwa ta ke wuya, domin mutane su kan yi gaggawar kwashe ƙasa da ɗaga rufi tun ba wanda ya gani. A ganina ba laifinsu ba ne, mai iyali ba ya kwana a sarari yana jiran ranar zaman kotu. Saboda haka na ke roƙon masu unguwa su zaga da sassafe da dattawa biyu, malami na biye da alƙalami, a rubuta sunan mai gida, da abin da ya faɗi, da ranar da ya faɗi, sa'an nan a fara gyara. Takardun kuwa a sa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora bisa duwatsu nesa da bango, gama tawada ba ta jimre ɗigon ruwa.