Ɗalibar Ungozoma a Ƙofar Gidanku



A bara ne 'yata ta shiga shekara ta biyar a sashen nazarin aikin jinya na jami'a, shekarar da ake wajabta wa ɗalibi rubuta kundin bincike kafin a ba shi digiri. Ta zaɓi fannin ungozoma, ta ɗora bincikenta a kan dalilan da ke sa mai naƙuda ta makara zuwa asibiti. Masana sun kasa wannan jinkiri gida uku: na yanke shawara a gida, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Na farkon ne ya fi tsaya mata a rai, domin zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, alhali ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini.

Sai da kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince, sannan ta fita da takardun tambayoyinta. Abin da ya ba ni kunya shi ne, a cikin gidajen da suka hana ta shiga har da na malamai, mu da muke wuni muna cewa yara su ɗaga hannu su yi tambaya.

Bana ma wasu ɗaliban za su zo. Ina roƙonku, idan ɗaliba ta yi sallama, ku bar matanku su amsa da bakinsu, kada ku zauna a gefe kuna amsa musu. Ba a rubuta sunan kowa, kuma wadda ba ta so tana da ikon ta ƙi.