Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Jawabi Kan Manhajar Bayanan Lafiya



Duk ƙarshen wata, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a garuruwanmu takan buɗe rajista ta ƙirga yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka zo awo, da masu zazzaɓin cizon sauro. Alƙaluman nan ne ke hawa daga ƙaramar hukuma zuwa ma'aikatar lafiya, kuma da su ake kafa hujja wajen rabon magani da kuɗi. Don haka batun manhajar da ke tattara su batu ne na siyasa.

Najeriya da Nijar da Gana duk suna amfani da DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta. Tushenta yana Afirka ta Kudu, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994. Masu bincike sun zauna da ma'aikatan lafiya na gundumomin Cape Town, suka tace bayanan da ake nema, suka bar waɗanda ake aiki da su a zahiri. Sukan kawo samfurin manhajar, ma'aikata su gwada, a koma a gyara. Wannan tsari ya samo asali ne daga Norway, inda Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe a shekarun 1970, domin ma'aikaci ya samu bakin magana kan kwamfutar da za a kawo masa. A 2006 aka fara amfani da DHIS2 a jihar Kerala ta Indiya.

Manhaja dai mun samu. Abin da za mu tambayi hukumominmu shi ne ko mun ɗauko al'adar shawarar da ta haife ta. Idan aka tsara fom a ofis ba tare da an ji ta bakin mai cike shi ba, kuma ba ta taɓa ganin amfanin abin da ta aika ba, za ta cike shi ne don sauke nauyi kawai. Alƙaluma su gurɓace, magani ya tafi inda ba a buƙatarsa.

Da yawa cikinmu za mu koma gida da ilimin kwamfuta ko na lafiya. Kafin mu tsara komai, mu zauna da ungozoma da mai rajista, mu saurare su da harshensu, mu kuma nemi a riƙa mayar wa kowane asibiti sakamakonsa.

Allah ya yi mana jagora.